Sangen Amarya

"Ajiye shi, Zuwera!"

Zuwera ba ta ajiye ba. Ƙara matse ƙunshin ta yi a ƙirjinta, idonta a kan ƙofar da mahaifiyarta ta tare da hannu biyu.

"Inna, don Allah ki ba ni hanya."

"Hanyar ina? Gidan namijin da ba a ɗaura muku aure ba? Da kayan ɗakinki a hannu? Ke kin taɓa ganin amaryar da ta kai kayanta da ƙafarta?"

"Sange ne kawai, Inna..."

"Sange kawai!"

Inna Bibata ta dafe ƙirji. Ai kuwa ba sange kawai ba ne. Gidan sauro ne fari tas, mai kusurwa huɗu da leshi a bakinsa, wanda ta sayo da kanta ta ajiye a ƙasan akwati don ranar jere. Kowa a Gaya ya san kayan ɗaki ba sa fita sai a kan gwaggwanni, da guɗa, ranar da za a kai amarya. Yarinyar da ta ɗauki ko cokali ta kai gidan saurayi kafin ranar, ta shaida wa gari cewa ta aurar da kanta.

Zuwera ta san wannan sarai. Ta kuma san wanda ke kwance a ɗayan gefen gari yana rawar sanyi.

Yakuba ne, direban babbar motar mahaifinta Alhaji Jibo, wanda aka sa musu rana bayan girbin shinkafa. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar da ke haɗa Gaya da Malanville ta tsallaken iyaka, motocin Alhaji suka tsaya cak a garaji. Da zaman ya ishe shi, sai ya tura Yakuba ta doguwar hanya: Lome, Burkina, Yamai, sannan gida, cikin ayarin da sojoji ke yi wa rakiya. Yakuba ya dawo da kaya lafiya, amma shi bai dawo lafiya ba. Yana kashe mota a garajin da ke jikin gidan Alhaji ya zube a rumfar direbobi, jikinsa kamar garwashi.

A nan ya yi kwanaki, tsakanin tulin tsofaffin tayoyin da ruwan ƙarshen damina ya cika. Siddo, ɗan wan Alhaji kuma mai kula da garajin, shi ya ce palu ce, wato maleriya, ya dinga ɗura masa ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla. Sai ga jajayen ƙuraje sun feso masa a hannu da ƙirji. Sai ga jini a dasashi.

Daga nan Siddo ya daina cewa palu.

Shi dama tun Zuwera na karatu a lakwal yake sonta, ta ce masa a'a a gaban mutane, bai kuma manta ba. Bai yi ƙarya da babbar murya ba, Siddo ya fi haka wayo. Kai kawai yake girgizawa a majalisa yana cewa, "Direba da matan hanya... Allah dai ya rufa mana asiri." Kafin a kai Yakuba gidan likita, maganar ta riga shi isa kasuwa.

"Inna," in ji Zuwera, "na je likita da safe. Na ji bayanin majo, babbar nas ɗin nan, da kunnena. Sunka ɗebi jininshi sunka auna. Denge sunan ciwon, sauro ke kawo shi, ya cika Burkina bana. Ba mace ta ba shi ba!"

"To sauro ne, mun ji. Su uwarshi ba su da sange?"

"Nasu ya yage, kaza ma za ta shiga. Kuma majo ta ce sauron da rana yake cizo. In ya ciji Yakuba yanzu, ya ɗauka ya kai ma wani. Dole ya kwanta cikin sange har masassarar ta sauka."

"Mi nake ji haka?"

Muryar Alhaji Jibo ce daga tsakar gida. Inna Bibata ta sauke hannu da sauri ta gyara mayafi.

Alhaji dogon mutum ne mai magana ɗaya. Sunan mahaifiyarsa Zuwera ta ci, don haka tun ranar suna bai taɓa kiranta da shi ba. Uwata yake ce mata, ko tana ƙarama tana ɓata masa takardun mota.

Ta durƙusa, ƙunshin na hannunta.

"Baba, sange zan kai ma Yakuba."

"Namiji cikin sange da rana tsaka, kamar mai jego?" Ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Shekara da shekaru na yi ina tuƙi a hanya tun kafin a haife ki. Sauro ya cije ni daga nan har Kwatano, ban taɓa yin ƙurji ba. Irin wannan ƙurjin ba ya fito ma mutumin kirki. Na faɗi a masallaci, ina sake faɗi a gidana. Babu aure!"

"Baba, an zalunce shi."

"Na ce babu aure. Na kuma amshe makullin motata."

"To ni zan kai mishi sange. In na dawo ka yi mini hukuncin da ka ga dama."

Alhaji ya daka tsawa.

"Zuwera!"

Sunan ya faɗo mata kamar mari. Inna Bibata ta rufe baki da hannu. Shi kansa Alhaji sai da leɓensa ya motsa bayan ya faɗa, amma bai janye ba.

Hawaye ya cika idon Zuwera. Ta miƙe, ta raɓa ta gefen mahaifinta, ta fita.

Ba ta ɓoye sangen cikin hijabi ba. A kan cinya ta ɗora shi bisa babur ɗin kabu-kabu, leshin na kaɗawa, suka ratsa ta bakin kasuwa inda masu jiran kwale-kwalen Malanville ke cincirindo da kayansu. Wanda bai gani ba ma ya ji labari kafin azahar.

Gidan su Yakuba ɗaki biyu ne a kusa da bakin kogi. Mahaifiyarsa, Inna Ladi mai soya kifi, tana ganin wadda ta shigo ta saki matsami.

"Ɗiyata! Mi ya kawo ki? Kin san abin da mutane za su ce?"

"Sun riga sun ce, Inna. Ina ƙusa?"

Tun da aka dawo da shi daga likita, babu maƙwabcin da ya leƙo. Gidan da ya kamata ya cika da masu barka da hanya, ko sallama ba a yi. Wannan ya fi ciwon cin ran tsohuwar, kuma Zuwera ta gani a fuskarta.

Yakuba yana kwance a tabarma, ya rame, idanunsa jajur. Da ya gan ta sai ya ja zane ya rufe hannayensa.

"Koma gida, Zuwera."

"Sannu da hanya, masoyina."

"Na ce ki koma... Kar ki ɓata sunanki saboda ni."

"Ɗaga kanka in sa matashi."

"Zuwera, wallahi ban taɓa..."

"Yi shiru! Na tambaye ka? Da ina shakkarka da ban zo ba."

Ta hau turmi ta kafa ƙusa a kusurwa huɗu, Inna Ladi na miƙa mata igiya. Farin sangen ya sauko ya lulluɓe shi. Ta bi gefe-gefe tana cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Ya ɗaga ido ya ga leshin. Ya gane.

"Wannan ai na ɗakinmu ne..."

"To ba ga shi a ɗakinmu ba?"

Duk da ciwon da ke sara masa bayan ido, sai da ya yi murmushi. Ita kuma ta juya baya da sauri don kada ya ga tana kuka. Ta kwashe sauran ƙwayoyin Siddo ta watsa a murhu, ta ce wa Inna Ladi majo ta hana, su ne ke ƙara tsinka jini. Farasitamol kawai, da ruwa, da kunu, da romon kifi, ko yana so ko ba ya so.

Kafin la'asar ta koma gida, ta durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifinta tana jiran hukunci.

Bai dake ta ba. Da ma dukan ya yi. Daina yi mata magana ya yi gaba ɗaya. In ta gaishe shi ya dubi bango, in ta kawo abinci ya ce wa Inna Bibata, "A faɗa ma yarinyar nan ta ajiye." Gwaggwanninta suka zo daga Tounouga suka yi mata tatas. Ƙawayenta biyu suka daina ɗaga salularta.

Zuwera ba ta lanƙwasa ba. Kullum da hantsi tana dama kunu ta kai bakin kogi, ta miƙa daga ƙofa, ta dawo. Wata safiya kuma ta shiga garaji ta fara kifar da tayoyi ɗaya bayan ɗaya, baƙin ruwa mai tsutsotsi na malala a ƙasa, direbobin da zaman banza ya ishe su suna kallo.

Siddo ya taso yana gyara agogo.

"Ƙanwata, aikin lebura kinka samu?"

"A cikin ruwan nan sauron yake haihuwa. A nan Yakuba ya kwanta. A nan Baba ke wuni."

"Har yanzu tatsuniyar sauron ce?" Ya rage murya. "Ki daina wahalar da kanki. Ni ban damu da abin da anka ce a kanki ba. Na gaya ma Baba zan rufa miki asiri."

Ta miƙe tsaye, hannunta duk laka.

"Asirina a buɗe yake, Siddo, babu abin rufewa. Naka za ka nema ma murfi."

Direbobi suka tuntsire da dariya. Alhaji, da ke zaune a kujerarsa ta kullum ƙarƙashin rumfa, ya aiko a ce ta fita masa daga garaji. Ta fita, rabin tayoyin na nan da ruwansu.

Makonni suka shuɗe. Yakuba ya miƙe, ƙurajen suka baje, ya fara dako a bakin kwale-kwale tunda babu mai ba shi mota. Inna Ladi ta wanke sangen ta ninke ta aiko da shi. Zuwera ba ta mayar da shi akwati ba, ƙarƙashin matashinta ta sa.

Sai Alhaji ya fara abin da ba halinsa ba.

Ya daina zuwa masallaci, ya ce ƙafa ce. Ya daina zama a garaji. Cikin zafin nan na bayan damina yake sa riga mai dogon hannu, ya maɓalle har wuya. Inna Bibata ta ce a je likita, ya daka mata tsawa. Siddo kaɗai ke shiga wurinsa, da 'yar leda a aljihu.

Wata rana da azahar Inna Bibata ta tafi gidan rasuwa. Zuwera ta ji motsin buta a bayan ɗaki, sannan ta ji butar ta faɗi. Ta leƙa.

Mahaifinta na tsugune, ya kasa ɗaga butar alwala.

Ta ɗauka ta sake cikawa, ta durƙusa a gabansa ta fara zuba masa. Ya so ya ƙi, amma lokacin salla ya yi, ƙarfi kuma babu.

Ya wanke tafin hannu. Ya kurkure baki ya zubar.

Ruwan ja ne.

Zuwera ta gani, amma ba ta ɗauke butar ba. Ya shaƙa ruwa, ya wanke fuska. Saura hannu zuwa gwiwa. Nan ya tsaya. Ya daɗe yana kallon maɓallin rigarsa. Alwala dai ba ta yiwuwa ta kan riga, kuma Alhaji Jibo bai taɓa wasa da salla ba.

Ya ɓalle maɓallin, ya naɗe hannun rigar.

Ga su nan. Jajaye, sun feso daga wuyan hannu har gwiwa, iri ɗaya sak da na Yakuba.

Bai ɗago ba. Muryarsa ta fito, maganarsa ta farko gare ta tun ranar sangen.

"Wallahi... tun da na auri uwarki ban taɓa..."

"Baba, na tambaye ka?"

Ta sake karkata butar a kan hannunsa.

"Ƙarasa alwalarka. In ka yi salla za mu likita."

"Ba ni zuwa! In anka gan ni da wannan, da wane ido zan dubi mutane? Ni na tsaya a masallaci na ce..."

"Jini ne a bakinka, Baba! Ƙwayoyin Siddo kake sha, ko? Su ne sunka kusa kashe Yakuba. Ka fi son in rasa ka da a gan ka?"

"Gara mutuwa da wannan kunyar."

"To ni ban yarda ba!"

A zaune ya yi sallar. Yana sallamewa ya jingina da bango, gumi na keto masa. Zuwera ta riga ta kira wanda za ta kira. Ba Siddo ba.

Yakuba ya shigo da gudu, rigarsa jiƙe da ruwan kogi. Ya yi turus a bakin ƙofa, don an hana shi taka gidan. Alhaji ya juyar da fuska yana ƙoƙarin sauke hannun riga.

Yakuba ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, bayan idonka na sara? Gaɓoɓi kamar an karya?"

Da ƙyar Alhaji ya gyaɗa kai.

"Na san shi. Yana wucewa, in Allah ya so. Kama wuyana."

A bayansa ya goya shi har bakin titi.

Majo ta ce sun zo a kan gaɓa. Aka ɗaura masa ruwa, aka riƙe shi har jinin ya tsaya, sannan aka sallame shi da sharaɗi ɗaya, tunda jikin bai gama sanyi ba: sange, dare da rana. Ta kuma tura ma'aikatanta unguwar, don an kawo mata wata tsohuwa da wani mai shayi daga layin garajin da irin ciwon. A ranar Yakuba da direbobi suka kifar da sauran tayoyin, babu wanda ya yi dariya.

Da suka dawo gida Inna Bibata ta fara laluben tsohon sangensu. Zuwera ta riga ta. Ta hau kujera a ɗakin mahaifinta ta kafa ƙusa huɗu, farin leshin ya sauko a kan Alhaji Jibo da rana tsaka.

Ya bi shi da kallo.

Bayan sallar Juma'a jama'ar masallaci suka zo dubiya, liman a gaba. Daga tsakar gida Zuwera ta ji Siddo ya tare su a zaure.

"Hawan jini ne kawai, likita ya ce a bar shi ya huta. Zan isar mishi da gaisuwarku."

"Siddo!" Muryar ta raunana, amma ta Alhaji ce. "Matsa ka ba mutane hanya."

Suka shigo suka zazzauna. Kowa ya ga sangen amarya, kowa ya yi kamar bai gani ba. Zuwera ta tsaya a bayan labule, Inna Bibata na riƙe da hannunta.

Alhaji ya yunƙura ya zauna. A hankali ya naɗe hannun rigarsa na dama, sannan na hagu. Ya manna su jikin sangen yadda kowa zai gani.

"Malam, ku duba da kyau. Kun san wannan?"

Ya bi fuskokinsu da kallo, ya ci gaba.

"Ni na tsaya a gabanku na ce ba ya fito ma mutumin kirki. To ga shi a jikina. Ko dai ku ce ni ma mutumin banza ne, ko ku tashi daga nan ku je bakin kogi ku gaida yaron da munka ƙaurace ma. Ɗaya za ku zaɓa."

Liman ya sunkuyar da kai. "Allah ya yafe mana, Alhaji. Daga nan can za mu."

"Siddo zai yi muku jagora. Shi ya san hanyar da maganar ta bi, shi zai bi ta ya kwashe. In ya gama ya kawo mini makullan garaji."

Siddo ya duba fuskokin mutane, ya juya ya nufi zaure.

Da ɗakin ya watse, Zuwera ta shigo da kofin kunu. Ta durƙusa ta ɗaga gefen sangen kaɗan ta miƙa, ta juya za ta fita kamar yadda ta saba a 'yan makonnin nan.

"Uwata."

Ƙafarta ta kafe. Ƙofar ta dushe a idonta.

"Na'am, Baba..."

"Wannan sangen naki ya gaji da yawo. In na tashi, a wanke shi a mayar da shi inda ya dace."

"Cikin akwati?"

"Wane akwati? Gwaggwanninki za su ɗauke shi a ka, da guɗa, su bi ta bakin kasuwa inda kinka bi da shi. An fara yankan shinkafa, ko ba a fara ba?"

Zuwera ta kifa goshinta a bakin gadon tana kuka, shi kuma ya ɗora tafinsa a kanta ta cikin sangen.

Daga tsakar gida Inna Bibata ta rangaɗa guɗa, ba ta jira gwaggwanni ba.